Wai ɗalibin da aka kora shi ke nan ba ƙofar dawowa?

Wallahi yau raina ya gama ɓaci. Zuwa na shida ke nan ina rufe shagona a Kasuwar Barci in kama hanyar makarantar ƙanina kan maganar dawo da shi karatu, kullum zance ɗaya, oga ba ya nan, fayil yana sama, a dawo sati mai zuwa. Yau kuma wata mata a ofishin da ƙyar ta ɗago kai ta ce "Malam ka daina wahalar da kanka, wanda aka yi wa widiro (wato aka sallame shi) sai dai ya sake JAMB." To me ya hana a faɗa min haka tun ranar farko? Kuɗin motar da na ƙona fa?

Yaron nan yana aji biyu Baba ya kwanta ciwon ƙoda, shi ke kwana asibiti, shi ke kai shi wankin ƙoda sau biyu a sati, ni ina kan keken ɗinki dare da rana ina haɗa kuɗin. Ana dawowa daga yajin aikin malaman jami'a na 2022 mai wata 8 aka matse zango aka jero jarabawa, ya kwaso kari-oba (kwasa-kwasan da ya faɗi), matsakaicin makinsa wato CGPA ya zube, aka sa shi firobeshin, wato zaman gargaɗi, shekara na zagayowa sai ga sunansa a allo cikin waɗanda aka sallama. Ni ban ce a ba shi makin da bai ci ba, ya faɗi kam, ba musu. Amma don Allah kwasa-kwasan aji ɗaya da ya ci da guminsa su ma sun faɗi ne? Shekara uku da kuɗin rijista da na haya duk a watsar, ya koma layi da yaran da suka gama sakandare jiya?

A jihar Texas ta Amurka har doka gare su, kwasa-kwasan da suka kai shekara 10 kana iya neman a cire su gaba ɗaya daga lissafi in za ka koma karatu, wasu jami'o'in can ma shekaru kaɗan suke jira su ba ka damar fara sabon lissafi. Mu nan ko zama da yaro na minti biyar a ce me ya same ka ba a yi ba. Takardun asibiti da ta rasuwar Baba duk na maƙala su a wasiƙar neman a dawo da shi, ba wanda ya kira shi, ba amsa ko ta layi ɗaya.

Yanzu yana shago yana min guga da sa maɓalli, magana ma ya rage, in tsofaffin abokansa suka shigo kasuwa sai ya zame ya bar wurin. Mama kullum in na dawo sai ta ce "ya ake ciki?" ni kuma na rasa bakin faɗa mata. Litinin zan koma, in ƙi za su yi su rubuta min a takarda su sa hannu.