Kuɗin magina a Ingila: ɓarnar ba a asusun ƙananan hukumomi take ba

Tun da ƙungiyar kamfanonin gina gidaje ta HBF ta fitar da rahotonta a 2024, inda ta ce ƙananan hukumomin Ingila da Wales na riƙe da sama da fam biliyan 8 na kuɗin da magina suka biya don ayyukan unguwa kamar makarantu da hanyoyi ba a kashe ba, magana ɗaya ake ta nanatawa: tunda kuɗin na kwance, a sassauta wa kamfanoni. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Da ma sassaucin suke so, rahoton ya ba su hujja.

Mafi yawan kuɗin nan ta sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya shigo, kuma ba kuɗi ne da shugaban ƙaramar hukuma zai ɗiba ya cike ramukan titi ba. Yarjejeniya ake ƙullawa tsakanin hukuma da magini kafin a ba shi izinin gini, kuma kowace yarjejeniya a ɗaure take: wannan na ƙarin azuzuwa ne a makaranta kaza, wancan na gyaran mahaɗar hanya kaza. Ba a biyan sa lokaci guda, sai kashi-kashi: wani ranar fara gini, wani idan an tare a gida na hamsin. Rukunin gidaje ɗaya ba ya gina firamare, dole a tara na uku ko huɗu, a yi shekaru ana jira. Ga kuma raba aiki: a wurare da dama hukumar gunduma ce ke karɓar kuɗin, amma makarantu da hanyoyi na hannun hukumar lardi, asibitin unguwa kuwa sai hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta yarda. Idan wa'adin da aka rubuta ya cika, galibi shekara biyar ko goma, kamfani na iya neman kuɗinsa har da kuɗin ruwa. Nan kam akwai sakaci, kuma duk hukumar da ta bari kuɗin makaranta ya koma hannun magini ta cuci yaran unguwar.

Harajin CIL, wanda ake ɗora wa sabbin gine-gine don ayyukan more rayuwa, da aka fara a 2010, ya fi sauƙin sarrafawa. Ana lissafa shi kan kowane murabba'in mita, unguwa na samun kashi 15 cikin 100, ko 25 idan tana da tsarin raya unguwarta a rubuce. Da irinsa Landan ta haɗa wani ɓangare na kuɗin layin dogo na Elizabeth.

Amma babbar kafar da ke yoyo ita ce lissafin riba. Kamfani zai amince da sharuɗɗa, ya karɓi izinin gini, daga baya ya dawo da takardun ƙwararrun da ya ɗauka haya yana cewa aikin ba zai fitar da shi ba. Ƙa'idar gwamnati ta riga ta amince masa da ribar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, don haka ba ribar ake zaftarewa ba, gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne. A 2017 hukumar Wandsworth da ke Landan ta yarda a rage gidaje masu sauƙin kuɗi a aikin tsohuwar tashar lantarki ta Battersea daga 636 zuwa 386. Gida 250 ke nan, muhallin iyali 250, suka tafi a zama ɗaya. Wannan asarar ba ta cikin fam biliyan 8 ɗin da ake kururutawa, domin ko kwabo bai taɓa shiga asusu ba balle a ce an ƙi kashewa. Me ya sa masu ihu ba sa ƙirga ta?

Masu cewa a rushe komai a kawo sabon haraji guda su tuna an sa hakan a dokar 2023, gwamnatin Labour ta ajiye shi a 2024, ba a gina ko aji ɗaya da shi ba.

Abin da ake bukata ma'aikata ne masu bin sawun kowace yarjejeniya da ranar ƙarewarta, da ƙwararru na hukuma da za su iya tunkarar lissafin kamfani layi-layi. Kowace hukuma kuma wajibi ne ta wallafa bayanin abin da ta karɓa da abin da ta kashe zuwa 31 ga Disamba kowace shekara. A ƙara shafi ɗaya a ciki: gidaje nawa aka yi alkawari, nawa aka yafe, kuma wa ya sa hannu.