Gyara bai zo Amurka da ƙafarsa ba

Kun dai ga abin da wancan bawan Allah ya rubuta jiya, bayan na yi maganar ɗan yayata da inji ya datse wa yatsu biyu a wurin aiki. Wai mu yi haƙuri, haka Amurka ma ta fara, idan arziki ya zauna gyara zai biyo baya. Wallahi raina ya ɓaci.

Malam, gyara bai zo Amurka da ƙafarsa ba. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin ɗinki na Triangle da ke birnin New York, a hawa na takwas zuwa na goma. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata 'yan ci-rani, Yahudawa da 'yan Italiya. An garƙame ƙofa don kada wata ta fita da ƙyalle. Da wuta ta ci ƙarfinsu, ta taga suka riƙa faɗowa kan titi, jama'a na tsaye suna kallo. A lokacin Amurka ta riga ta yi arziki, masana'antunta sun fi na Ingila. Ina gyaran da arzikin ya kawo musu? Kotu ta wanke masu kamfanin, kuma a 1913 aka sake kama ɗaya daga cikinsu ya kulle ƙofa, tarar dala 20 aka ci shi.

Mutane ne suka tilasta gyaran. Mata maɗinka kusan dubu ashirin sun yi yajin aiki tun 1909. Wata mata mai suna Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta, ta shiga aikin binciken masana'antu, jihar New York ta yi dokoki fiye da talatin. Ita ce ta zama ministar ƙwadago a 1933, kuma sai a 1938 aka samu dokar tarayya mai ɗorewa ta mafi ƙarancin albashi da hana bautar da yara. Shekara 27 bayan gobarar.

Kada wani ya ce mini masu zuba jari za su gudu. Wanda ba zai iya sa wa injinsa murfi ba, ya tafi, Allah ya raka taki gona. Aiki muke so, amma yaro ya dawo gida da hannunsa cikakke.

Masu tambayar jikin ɗan yayata, na gode, Allah ya saka da alheri. Da sauƙi, an kwance bandejin shekaranjiya. Yana koyon riƙe biro da hagu, don yana son ya sake zana jarabawa bana.