Na shuka yalo, gauta ya fito

Tsadar kayan lambu ce ta tunzura ni. Duk wanda ya taɓa taya salak a kasuwar Yankaba ya san irin kallon da mai kaya ke yi masa, kamar ka zo neman bashi. Na dawo gida na ce wa maiɗakina daga bana mun daina saye, filin bayan ɗakin nan da take shanya zai zama lambu. Ta ce, "To Malam, Allah Ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Na sayo iri ƙulli biyu a takarda, ɗaya na salak, ɗaya na yalo. Mai irin har da rantsuwa: farin yalo ne, mai zaƙi, irin wanda ake ci da tunkuza. Na ja fangali biyu, na tona rami rabin yatsa na binne irin salak yadda na ga ana shuka masara a garinmu. Shiru. Da na kai ƙara wurin wani dattijo mai lambu a bakin Jakara, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "Yaro, kabari ka yi masa? Irin salak barbaɗa shi ake yi, a ɗan yayyafa ƙasa mai laushi, yana son ganin haske." To ni ina ruwana, a jikin takardar ba a rubuta ba.

Karo na biyu ya fito tsaf, kore shar. A nan na gane cewa unguwarmu cike take da masu jiran gumin wani. Ƙadangaru suka fara, kajin maƙwabta suka biyo baya, su ba ci ba sai tono. Na kewaye wurin da tsohon gidan sauro, na barbaɗa toka, na jiƙa ganyen darbejiya ina fesawa. Ga kuɗin ruwa, don rijiyarmu ta ja baya, kullum mai garuwa na ƙofar gida safe da yamma. Har ya fara tambayata, "Alhaji, ya jikin salak?" Maiɗakina kuwa ta samo wani littafi tana rubuta kuɗin kowace jarka, ba ta cewa komai.

Abin da dattijon bai faɗa mini ba, wai don ya zaci kowa ya sani, shi ne salak ɗan hunturu ne. Masu lambu tun watan Nuwamba suke fama, ni kuwa sai da sanyi ya kama hanyar tafiya na fara. Zafin Maris na sauka, salak ɗina ya daina faɗi ya koma tsawo. Ya fitar da kara a tsakiya, ya kai mini gwiwa, ya yi 'yan furanni rawaya. Na tsinki ganye, wani farin ruwa ya tsattsafo. Duk da haka na sa aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Autanmu ya kai loma ɗaya, ya dube ni ido ya kawo ruwa, ya ce, "Baba, laifin me muka yi?"

Sai na mayar da buri kan yalo. Shi yana son rana, na yi masa dashe, na ba shi busasshen kashin awaki, ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Sai dai 'ya'yan sun ƙi girma, sun ƙi fari, sun tsaya ƙanana kore masu tsaga-tsaga. Na gatsa ɗaya, ɗaci ya hau mini har ƙeya. Gauta ne! Da na koma wurin mai iri, ko gezau bai yi ba, ya ce ai 'yan gida ɗaya ne, kuma gauta ya fi magani.

Ana cikin haka surukata ta zo duba jikoki. Ta leƙa bayan ɗaki, ta tsinki ɗaya, ta goge da gefen mayafi, ta gatsa, ta lumshe ido. Ta ce rabonta da gauta mai ɗacin kirki irin wannan tun tana ƙauye. Yanzu duk Juma'a sai ta aiko almajiri da kwano, kuma ta gaya wa ƙawayenta na Islamiyya cewa mijin 'yarta manomin gauta ne. Jiya almajirin ya zo da kwano uku, da saƙon Hajiya cewa in cire wancan dogon ciyawar mai fure in ƙara gauta a wurin.