Auduga, Gishiri da Akuyar Inna

Ranar da malaminmu na kimiyyar sinadarai ya yi darasin nan, ina kujerar baya ina gyangyaɗi. Abin da na tsinta: auduga kusan kashi 90 cikin ɗari selulos ce (sinadarin da ke gina jikin tsirrai), ruwa ba ya narkar da ita, amma a 2002 masana a Jami'ar Alabama ta Amurka sun narkar da ita cikin wani gishiri mai ruwa-ruwa. In ta narke a shimfiɗa a kan gilashi, a wanke, a shanya, ta zama kamar takarda. Sai a shafa wa takardar nan zinari ciki da bai, a ba ta kuran, ka ga tana lanƙwasa kamar mai ruku'u.

Gishiri da ruwa? Na ce ashe sirrin Turawa a madafin Inna yake!

Na biya babbar kasuwar Maradi na sayo auduga, na zuba gishiri kwano guda a tukunyar miya, na hura wuta. Awa biyu ina juyawa da muciya. Audugar nan ko gezau, sai ma ta kumbura tana kallona.

Inna ta leƙo. "Kai ɗan nan, mi kake dahwawa?"

"Bincike ne, Inna."

"Binciken da ya cinye mini itacen kwana ukku?"

Sai daga baya na buɗe littafi na ga inda na kwana. Gishirin nasu wani sinadari ne da ke zama ruwa da kansa ƙasa da zafin digiri 100, har ma ɗigon ruwa ɓata mishi aiki yake. Namu na miya sai ya kai digiri 801 yake narkewa. Ni ko na cika tukunya da ruwan famfo.

Duk da haka ban saduda ba. Na matse audugar, na baje ta a faranti, na ajiye a rana, na tafi roƙon maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya ara mini batir. Zinari kuwa, na riga na ƙyalla ido kan takardar kwalin sigari.

Na dawo da batir a kai, na tarar da akuyar Inna tana lasar faranti. Tas! Ta ji gishiri.

Inna ta ce, "To ga shi ta narkar maka. Amma wallahi ka kusance ta da wayoyin nan, a waje za ka kwana."