Ba mangwaro ne ya kwantar da Goggo ba

Masu cewa mangwaro Goggo ta sha da yawa har zawo ya kama ta, Allah ya ba ku lafiya. Shekara 70 tana shan mangwaro a Tudun Wada, sai bana ya ga damar kai ta gadon asibiti?

Ciwon gwiwa ya kai ta kemis. Yaron shagon ya ƙulla mata haɗi a farar leda, ba kwali ba takarda. Da muka zazzage a faranti aka duba, ga dexamethasone, ga prednisolone, ga antibayotik ɗin nan ciprofloxacin. Sati uku tana afawa safe da yamma. Don Allah me ya haɗa ciwon gwiwar tsufa da antibayotik?

A hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tare hanya. Irin su cipro, clindamycin da allurar ceftriaxone sukan share su, sai wata muguwar ƙwaya mai suna C. difficile ta samu fili ta baje kolinta: zawo kamar ruwa, murɗar ciki, wari. Ita kuma dexa, wadda 'yan mata ke sha a matsayin sha-ka-fashe, tana kwantar da garkuwar jiki, har takan ɓoye zazzaɓi. An kori masu gadi, an ɗaure maigida. Likitan da ya duba ta a asibitin koyarwa na Shika a Zariya wannan ƙwayar ya fara zargi.

Kuma da zawon ya tsananta, yaron nan Imodium, maganin tsayar da zawo, ya ƙara mata! Ya toshe dafin a ciki. Sannu likita.

Na san za a ce "ai ni na sha ban ga komai ba". To madalla, kai ba tsohuwa ba ce. Za a ce asibiti da tsada. Ku zo ku ga takardar kuɗin da muka biya.

Wallahi ba wasa nake ba, ganin yadda idanunta suka faɗa ya tsorata ni. In zawo ya biyo bayan antibayotik, ko an yi makonni da gamawa, a ba da ruwan gishiri da suga a nufi asibiti da ledar maganin a hannu. Wanda ya daɗe kan dexa kada ya yanke lokaci guda, likita ke rage ta a hankali. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu, sanitaiza ba ta kashe wannan ƙwayar.

Af, mai Keken da ya karɓi kuɗin mutum huɗu a hannuna daga Kwangila don ya ga mara lafiya, na riƙe fuskarka.