Mitar babur ɗinka ta mutu, amma kana rantsuwa kana yi masa juye a kan lokaci

'Yan'uwa masu babur, yau da ku nake. Ka tsaya bakin kowace danja a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ka leƙa fuskar baburan da ke jiran hannu. Mafi yawansu allurar mita a kwance take, lambobin kilomita sun daskare tun shekarar da aka fito da shi daga shago. Ka tambayi mai shi yaushe yake juyen baƙin mai, sai ya ce duk wata. Wani ya ce in ya ga man ya yi baƙi. Wani kuma sai ranar da inji ya fara ƙara kamar injin markaɗe. Duk kirdado ne. Inji ba ya ƙirga watanni, tafiya yake ƙirgawa. Malamin makaranta da ke yin kilomita 10 a rana da ɗan acaɓan da ke yin 150 ba wata ɗaya suke rayuwa a ciki ba, ko da rana ɗaya suka sayi Boxer ɗinsu. Wayar mita ba wani kuɗi mai yawa gare ta ba, kuma ita ce farkon abin da ya kamata ka gyara, kafin sitika, kafin sabon hon, kafin fitilar nan mai walƙiya da ke kashe wa mutane ido da dare.

Ga dalilin da ya sa na matsa a kan wannan. Ƙananan baburan da muke hawa, Bajaj Boxer ne, TVS ne, Haojue, Jincheng ko roba-roba, iska ce ke sanyaya injinsu, ba su da ruwan lagireto. Baƙin man da ke cikinsu kuwa bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Wannan litar guda ita ke shafe fistin da ringi, ita ke cikin giya, ita ke jiƙa kuloci, ita kuma ke ɗaukar wani kaso na zafin injin. A mota aiki rarrabe yake, man inji daban, man giya daban. A babur mai ɗaya ke ɗauke da komai, haƙoran giya suna niƙa shi, rana tana dafa shi a cunkoson Afrilu. Shi ya sa yake saurin mutuwa. A ƙurarmu da zafinmu, ni ra'ayina kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000, ko da littafin kamfani ya ba ka fiye da haka. Sabon babur kuwa juyen farko wajen kilomita 500 ne, saboda ɓarɓashin ƙarfen da inji ke zubarwa lokacin da yake zama. Wanda ya sayi sabo ya ce zai “buɗe masa wuta” a hanyar Kaduna ran farko, tun daga nan ya fara cin tsawon ran injinsa.

Wane mai? 20W-50 na babur, wanda aka rubuta 4T a jikin robar, in ka duba da kyau ka ga JASO MA ko MA2. Wannan rubutun ba ado ba ne. Wasu mayukan mota ana zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, kuloci mai iyo cikin mai kuma ba ya son wannan santsin. Sai ka murɗa totur inji ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba, ka tafi ka sayi farantan kuloci sababbi alhali man ne ya cuce ka. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a zuba a gorar ruwa, ba ka san asalinsa ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Sayi mai hatimi, ka buɗe da hannunka.

Wajen juyen ma akwai aikin da ake tsallakewa. A juye inji yana da ɗumi, don dattin ya biyo man. A ciro rariyar man a wanke da kananzir, domin yawancin waɗannan baburan ita ce matatarsu. Notin ƙasa yana da washa, in ta lanƙwashe a sauya, kada yaron bakanike ya hau kan sifana da ƙarfinsa duka, gidan injin alminiyam ne, zaren ya tafi sai ɗinki. Bayan an zuba, a tayar minti biyu, a kashe, a jira kaɗan, babur yana tsaye cak a kan doguwar jak a wuri mai daidai, sannan a duba sandar awo ko tagar gilashi. Ƙarin “ɗan kaɗan don albarka” ba alheri ba ne. Man da ya yi yawa yana bi ta bututun numfashi ya jiƙa iyakilina, wato matatar iska, ya matsa wa sil ya fara yoyo.

To, iyakilina. Nan ne ainihin inda injinan Arewa ke mutuwa, kuma ba wanda ke maganarsa. Ƙurar hunturu gari ce mai laushi a ido, amma a cikin silinda sanfefa ce. In soson ya yage, ko robar da ta haɗa akwatin da kafireto ta tsage, ko bakanike ya cire soson gaba ɗaya wai don babur ya “sha iska”, kowane numfashin inji da yashi yake shiga. Wata kaɗan sai hayaƙi fari-shuɗi a salansa, mai yana raguwa ba yoyo, kik ya yi laushi a ƙafa. A ce maka sai an sauke inji, ringi da fistin, wataƙila har da boriyo. Maganin bai kai kuɗin shayi da burodi ba: in na soso ne, a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba murɗawa ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan a mutsuttsuke har ya game ko'ina, a matse rarar. Busasshen soso ba ya kama ƙura, man ne ke kamawa. In na takarda ne, ruwa ko mai bai taɓa shi, a kakkaɓe, in ya toshe a sauya. Da hunturu ko a hanyar burji, duk juye a buɗe shi, ko ma kafin juye.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, wata sabuwar sana'a ta bunƙasa a garejin babur: “rage shan mai”. A matse sukurun kafireto, a sauke allura, wani har ya sa ƙaramin jet. Na fahimci halin da ake ciki, amma wannan cin bashi ne daga inji. Fetur ɗin da ke shiga silinda yana taimakawa wajen sanyaya ta. In iska ta rinjayi mai, wuta tana ƙara zafi, bawul ya ƙone, kan fistin ya fara narkewa. Ba sai an yi gardama ba, fulogi zai ba da shaida. Ciro shi bayan doguwar tafiya. In bakinsa ruwan shayi da madara ne, lafiya lau. In fari fat ne kamar toka, an ƙuntata masa mai ko iska na satar hanya. In baƙi ne busasshe kamar gawayi, fetur ya yi yawa, ko iyakilina ta toshe, ko ka manta cok a ɗage. In baƙi ne jiƙaƙƙe, baƙin mai ke haurowa. Tazarar bakinsa kuwa wajen milimita 0.7.

Fetur ɗin da kake nema ka adana, ba a kafireto yake ɓacewa ba. Yana tafiya a tayar da ba iska, da birkin baya da aka ɗaure har yana goga, da busasshiyar sarƙa, da yatsun da ba sa sauka daga kan kuloci. Iskar taya a irin waɗannan baburan wajen PSI 25 ce a gaba, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya. Mai faci da ke buga taya da sifana ya saurari ƙara ba awo yake yi ba. Sayi ƙaramin geji ka ajiye, ka auna da safe taya tana da sanyi. Sai kuma man bumburutu na bakin titi: in dole ta sa ka saya, ka sani ruwa da datti suna kwanciya a ƙoƙon kafireto, akwai ɗan sukuru a ƙasansa na tsiyayewa, buɗe shi lokaci-lokaci.

Sarƙa tana son sassauci, ba ɗauri irin na ganga ba. Santimita 2 zuwa 3 na motsi sama da ƙasa a tsakiyarta, kuma a juya taya a nemo inda ta fi tsauri, a can ake aunawa. In aka ɗaure ta tamau, da zarar mutum biyu sun hau shoka ta nutse sai ta ƙara miƙewa, ta ci boris ɗin taya da na bakin giya. Alamomin da ke gefe biyu na ƙafar baya su yi daidai, in ba haka ba taya ta karkace, siraket ya ci gefe ɗaya. Duk kilomita 500 a ɗiga mata man giya mai lamba 90. Giris mai kauri yashi yake tarawa ya zama abin niƙa. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don gayu, shi ne ke ninka mata kwana a ƙasa mai rairayi. In ta ƙare, a sauya ta tare da siraket biyun, gaba da baya. Sabuwar sarƙa a kan tsohon siraket mai haƙora kamar ƙaya kuɗi ne aka zubar. A lura da makullinta: rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙa ke tafiya. Bayan duk gyaran sarƙa a sake saita birkin baya, tunda taya ta matsa.

Tafet ma, wato tazarar bawul, a bar saita shi da kunne. Inji a sanyaye, da gejin awo, wajen milimita 0.05 a yawancinsu, amma duba littafin naka. Masu babur suna son inji shiru, bakanike kuma yana son ka ji daɗi, sai ya matse har ƙarar ta ɗauke. Bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya rufuwa sosai in ya yi zafi. Alamarsa babur ya tashi da safe lafiya, ka tsaya sallar Azahar ka fito ya ƙi tashi. Ɗan “tik-tik” kaɗan ya fi wannan shirun.

Abu ɗaya game da tuƙi, don ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Tsoron birkin gaba da aka gada, wai yana kifar da mutum, ya sa wasu har kwance wayarsa suke yi. In ka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka yawancin ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Na baya kaɗai ja yake yi a ƙasa. A matsa su tare, na gaba a hankali ana ƙarawa, ba fizga ba. Wurin da ake sassauta masa shi ne kan yashi, tsakuwa, ko tsakiyar kwana. Hular kwano kuma wadda ba a ɗaura igiyarta ba, tana barin kai tun kafin kai ya isa ƙasa.

Wurin wanki, ka hana su saita bakin injin feshi a kan cibiyar taya, wuyan babur, sarƙa da wayoyin wuta. Ruwan yana kutsawa bayan sil ya wanke giris, bayan sati biyu boris ya fara kuka. Kada kuma a watsa wa inji ruwa yana da zafi. Bokiti da soso sun isa. In an gama, ka ɗan taka birki a tafiyar farko har gangar ta bushe, sannan a ɗiga wa sarƙa mai. Lambar da mita ta nuna ranar juye kuwa, rubuta ta da maka a cikin murfin gefe, ka ƙara 1,500 a kai ka rubuta a ƙasanta.