Ƙannena, Kafin Ka Faɗe Ta Da Turanci Juya Ta Da Hausa Ka Ji

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena 'yan sakandare da waɗanda suka shiga jami'a kwanan nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sakko masallaci ina zaune a ƙofar gida sai na ji yayan wani yaro ɗan maƙwabtanmu yana masa faɗa, wai ya ajiye waya ya je ya ɗebo wa mahaifiyarsu ruwa tunda tun safe take aikensa yana cewa bari ya gama. Yaron nan bai fi shekara 17 ba, ko ɗago kai bai yi ba ya ce "whatever", ya ci gaba da danna wayarsa. Yayan nasa bai yi boko mai nisa ba, sai ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana, ya girgiza kai ya wuce. Ni kuma abin ya tsaya min a rai har dare, don na san abin da kalmar take nufi, kuma na san shi ma yaron ya sani.

Toh dan Allah mu juya ta da Hausa mu ji. Ana maka faɗa ka ce whatever, ma'anarta oho, kai ta shafa, can ta matse maka, kanka ake ji. Da a ce yaron nan ya buɗe baki ya ce wa yayansa "can ta matse maka" a gaban mutane, da layin gaba ɗaya ya taru a kansa, har dattijan da ke zaune kan tabarma sai sun sa baki. Amma da yake ya naɗe rashin kunyar cikin Turanci sai ta wuce salin alin babu wanda ya tanka. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗau waya nake rubutun nan, yaranmu sun mayar da Turanci mayafin da suke ɓoye maganar da ba za su iya faɗa da harshen uwa ba.

Kuma kar ku ɗauka su masu yaren suna ganin kalmar a matsayin wayewa. A Amurka akwai jami'ar Marist da ke jihar New York, wadda a da kwaleji ce, suna yin ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, a 2009 suka tambayi Amurkawa wace kalma ce ta fi ba su haushi a hira, mutum 47 cikin 100 suka ce whatever, mai bi mata ita ce "you know". Kuma whatever ta ci gaba da zuwa ta ɗaya a wannan ƙuri'ar fiye da shekara 10 a jere. Wato abin da suke tofar da yawu a kansa a can shi muka tsinto a fim da TikTok muke ado da shi a nan.

Akwai 'yan uwanta da suka fi ta dabara. "With due respect", "no offence", "I'm just saying". Duk wanda ya daɗe a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp ya san da zarar yaro ya fara da with due respect sir, to ka gyara zama zagi ne ke tafe. Za ka ga malami ya yi shekara talatin yana karantarwa, ya yi rubutu a kan abin da ya sani, sai ɗan aji ɗaya a jami'a ya shigo ƙasan rubutun ya ce with due respect sir abin da ka faɗa shirme ne. Ina girmamawar take? Wanda yake girmama babba ba sai ya sanar ba, a yadda ya jera maganar ake gani, ya ce Malam ni fa ban fahimci wuri kaza ba, ko kuma Allah gafarta Malam na taɓa karanta kaza a wani wuri ko akwai ƙarin bayani. Saɓani ba laifi ba ne, ka saɓa wa kowa in kana da hujja, amma kar ka soki mutum da wuƙa sannan ka ce ai ka yi sallama kafin ka soka. A Ingila ma wata ƙungiya mai fafutukar a riƙa rubuta Turanci mai sauƙi, Plain English Campaign, da aka kafa a 1979, ta tambayi magoya bayanta a 2004 maganganun da suka fi gundurarsu, "at the end of the day" ce ta zo ta ɗaya, kuma with all due respect tana cikin na gaba-gaba.

Wadda ta fi min ciwo cikinsu ita ce "sorry if you were offended". Mutum ya ci maka mutunci a bainar jama'a, an taru an ce ya ba ka haƙuri, sai ya rubuta wannan. Juya ta da Hausa: in ka ji haushi to yi haƙuri. Wato shi bai yi laifi ba, kai ne mai saurin fushi. Mu da muka taso ana koya mana ka durƙusa ka ce na yi kuskure a yafe min, ba zan ƙara ba, ya za a yi mu karɓi wannan a matsayin ban haƙuri? In ka yi laifi ka ce "I was wrong", kalma uku ce, ba ta kashe kowa.

Sai "to be honest" da "trust me" da "I swear". Wani kowace jimla sai ya fara da to be honest, har mai sauraro ya fara tunanin to sauran maganganun da ka yi ba tare da ita ba ƙarya ce kenan? Wannan cutar ma mun san ta da Hausa, ita ce ta mai yawan rantsuwa, wanda ko kuɗin tumatir zai faɗa sai ya ce wallahi tallahi, kuma a kasuwa kowa ya san wanda ya fi rantsuwa shi aka fi zargi. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru, hadisin yana Bukhari da Muslim, kuma ni a fahimtata bai ware yare ba, harshen da ka zagi mutum da shi ko na Larabawa ne ko na Turawa rubutawa ake yi.

Yanzu bari in zo kan kalmomin cike gurbi, waɗanda ba zagi ba ne amma suna zubar da mutum. Actually, basically, literally, like, you know, as in. Na taɓa zama cikin masu tantance malamai a wata ƙaramar makarantar kuɗi, wata yarinya ta shigo da takardu masu kyau sosai, da muka tambaye ta me ya sa take son koyarwa sai ta fara, actually like I basically love children you know, as in literally, haka ta yi ta yi kusan minti biyu kuma da ta fita muka kalli juna babu wanda ya iya faɗin amsar da ta bayar. Na tausaya mata ƙwarai don na tabbata tana da amsa a zuciyarta, da Hausa aka tambaye ta da ta yi bayani mai ratsa jiki, amma ta saba jin cewa gwanin Turanci shi ne wanda bakinsa ba ya tsayawa, don haka duk inda tunani ya yanke sai ta toshe ramin da actually. Wanda ya zo bayanta Turancinsa bai kai nata santsi ba, yana magana a hankali yana ɗan yin shiru ya yi tunani, amma duk jimlar da ya faɗa akwai abu a ciki. Shi aka ɗauka.

Ita literally ma'anarta ta asali a zahiri, wato babu ƙarin gishiri. Sai ka ji mutum ya ce I literally died, alhali ga shi zaune yana cin gurasa. Gaskiya ne manyan ƙamusoshi irin su Oxford da Merriam-Webster sun shigar da wannan amfanin na zuzutawa, har aka yi ta cece-kuce a kai a 2013, amma ƙamus aikinsa ya rubuta abin da mutane ke faɗa, ba ya nufin ya ce maka ka faɗa a gaban masu ɗaukar aiki. Jami'ar Lake Superior State da ke Michigan tun 1976 duk sabuwar shekara take fitar da jerin kalmomin da mutane suka gaji da ji, a 'yan shekarun nan GOAT ta shiga, "it is what it is" ta shiga, slay da rizz da side hustle duk sun shiga. Ku duba ku gani, rabin abin da ke cikin sitatus ɗinku ne.

Amma fa kar wani ya ɗauki rubutun nan ya mayar da shi bulalar dukan waɗanda Turancinsu ke da rauni, wannan ma wata cuta ce da muke fama da ita, mutum ya yi magana mai ma'ana a bar ma'anar a koma dariyar ya ce "fifty" da harafin p. Ba da su nake ba sam. Kuma ba duk Turancin Najeriya ne kuskure ba. In mutum ya yi tuntuɓe muka ce masa sorry, sannu muke nufi, Bature zai ce ai ba kai ka ture ni ba, to shi yarensa ne ba shi da sannu irin tamu. Well done da muke ce wa mai aiki sannu da aiki ce. I'm coming da muke faɗa muna fita, ina zuwa ce. Waɗannan tarbiyyarmu ce ta shiga cikin Turancin, ban ga abin kunya ba. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, ciki har da okada da danfo da next tomorrow da Kannywood ɗinmu ta Kano, daga baya suya da japa ma suka shiga.

Sai dai ka san wurin da kake. Severally a wurinmu sau da yawa take nufi, a Turancin lauyoyin Ingila kuma kowa da nasa daban. My names are ba daidai ba ne ko sunanka biyar, my name is ake cewa. Am fine, am coming, am a student, ina I ɗin ta tafi? Mai makin WAEC ba ruwansa da yadda kuke caati da abokai, jan biro zai sa, kuma kun san in babu kiredit a Ingilishi maganar jami'a ta tsaya. Wanda zai tura imel neman gurbin karatu a waje kuma ya cika shi da kindly do the needful and revert, ya sani akwai waɗanda da sun ga irin wannan salon daga Najeriya zuciyarsu ke tafiya kan 'yan damfara, ba laifinka ba ne amma kai za ka kwana ciki. Rubuta abin da kake so kai tsaye, please reply, shikenan.

Sai maganar ta'aziyya, wadda ita kam har ƙwalla take sa ni. Mutum ya sanar mahaifinsa ya rasu, uban da ya ci da shi ya sha da shi ya yi masa komai, sai ka ga an jera masa RIP, RIP, RIP, wani ma "sorry for your lost" ko rubutun bai tsaya ya gyara ba, wani ya manna hoton fuska mai hawaye ya wuce bidiyo na gaba. Haba jama'a. Mu da muke da Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan, ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Lokacin da aka yi min rasuwa na zauna da dare ina karanta saƙonni ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rubuta addu'a cikakkiya har yau ina tuna su da sunayensu, ina jin kamar sun zo sun zauna kan tabarmar makoki tare da ni. Masu harafi uku kuwa ban ce ba su damu ba, amma ban ji komai ba da na karanta. Daƙiƙa nawa zai ɗauke ka ka rubuta addu'a?

Haka wanda babba zai rubuto masa dogon saƙo na shawara ya mayar masa da K. Ko mai shiga akwatin saƙon mace bai san ta ba, babu sallama babu gabatar da kai, hi dear, hi, hi, sup. Ƙanwar wani ce, 'yar wani ce, wani lokacin matar wani ce.

Abin da nake roƙonku ku gwada mai sauƙi ne. Buɗe WhatsApp ɗinka ka saurari saƙon murya na ƙarshe da ka tura da Turanci ko Ingausa, ka ƙirga actually da like da you know nawa ke ciki, ka sake faɗin maganar babu su ka ji ko wani abu ya ragu. Sannan duk kalmar da za ka jefa wa wanda ya girme ka, ka fara juya ta da Hausa a zuciyarka, in ka ji ba za ka iya kallon idon Baba ka faɗa masa ba to haɗiye ta.

Shi dai yaron maƙwabtan namu washegari da yamma na kira shi, na ba shi wuri ya zauna kusa da ni, na ce ɗan ƙanena jiya na ji ka ce wa yayanka whatever, dan Allah fassara min da Hausa yadda zan gane. Ya yi murmushi ya buɗe baki zai faɗa, sai ya kasa, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Na ce faɗi mana ai ni da kai ne kawai. Ya ce Yaya ba zan iya ba. Mun ɗan jima shiru, can ya tashi ya ce bari ya je ya sami yayan nasa a shago.